Sabuwar kwamfuta ta ƙi ganin katin hoto: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga masu haɗa kwamfuta da hannunsu a nan Kaduna: ɗaliban Kadpoly da KASU masu zanen gini, masu tace bidiyon biki, da 'yan gem. Katin hoto shi ne abin da masu gyara ke kira girafik kad ko GPU. Idan mutum ya ce "ba ta ga katin ba", ɗaya daga cikin abu uku yake nufi: ko dai allo baƙi ne gaba ɗaya, ko hoto na fitowa ta madabod (babban faifan da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa) amma babu katin a cikin Windows, ko kuwa Windows ta gan shi amma ta ƙi aiki da shi. Kowanne da maganinsa. Mun jera amsoshin daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da zai taɓa aljihu, kuma a haka ya kamata a bi su, ana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Fankoki na juyawa, fitilu na ci, amma allo baƙi ƙirin. Ta ina zan fara?

Zagaya bayan kwamfutar ka duba inda ka soka wayar monita. Ramukan da ke sama, a jere da na USB da na intanet, na madabod ne. Na katin suna can ƙasa, a kwance, galibi da 'yan murafun roba a bakinsu. A can ƙasan wayar za ta shiga. Kuskuren nan ba na sabon shiga kaɗai ba ne, har waɗanda suka daɗe a harkar yana kama su idan suna sauri.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, ramin HDMI na madabod ba shi da hoton kansa, daga furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar) yake karɓa. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, irin su i5-12400F, ba ta da sashen hoto a cikinta. Haka Ryzen 5 3600 da 5600. A wancan jerin, sai masu G a ƙarshe irin 5600G ne ke ba da hoto. Da irin waɗannan, ko kwana za ka yi kana jira, ramin madabod ba zai kawo komai ba.

Daga nan sai monitar kanta. Danna maɓallinta ka zaɓi ƙofar da ka sa wayar, HDMI ko DisplayPort, domin ba kowace monita ke nemowa da kanta ba. Sauya waya. Gwada talabijin ɗin falo. In kuma tsohuwar monita ce mai VGA kaɗai, ka sani ƙaramin akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA hanya ɗaya yake bi, wanda aka yi don juya VGA zuwa HDMI ba zai yi maka aiki ba.

Minti nawa zan jira kafin in ce akwai matsala?

Idan RAM ɗinka DDR5 ne, musamman a kan madabod na AM5 (masu ɗaukar sababbin furosesar Ryzen), kunnawar farko na iya ɗaukar 'yan mintuna allo na baƙi, domin madabod na daidaita kanta da RAM ɗin. Ba ta minti biyar kafin ka taɓa komai. A DDR4, in minti ɗaya ya wuce shiru, ci gaba da bincike.

Akwai wata 'yar fitila da ta tsaya a kunne a gefen madabod. Me take faɗa?

Yawancin sababbin madabod suna da fitilu huɗu a gefen dama: CPU, DRAM, VGA da BOOT. Suna kunnuwa bi da bi, inda aka maƙale nan fitilar ke tsayawa. Haska tocin waya ka karanta ɗan rubutun da ke gefenta, kada ka yi hasashe da launi.

In ta tsaya a VGA, zargin kati ya yi daidai, ko da yake wasu madabod kan kunna ta don kawai monita a kashe take ko ba a jona ta ba. In ta tsaya a DRAM, ba a nan gizo ke saƙar ba: cire RAM, mayar da guda ɗaya a gurbi na biyu daga furosesa, danna har ƙugiyar ta kama. In CPU ce, duba wayar wuta mai ido takwas da ke saman madabod ta hagu, sannan ka tambayi kanka ko BIOS ɗin, wato manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, ya san furosesar. Madabod B450 da ta kwana a shago tun kafin Ryzen 5000 ya fito a ƙarshen 2020 ba za ta tashi da 5600 ba sai an sabunta mata BIOS, kuma alamarta ita ce dai baƙin allo. Kati da yawa an ɗora musu laifin nan ba su ji ba ba su gani ba.

Wanda madabod ɗinsa ba ta da fitilu, ya sa mata ɗan ƙaramin lasifikar nan mai ƙara. A madabod na ASUS, ƙara doguwa ɗaya da gajeru uku na nufin ba a ga katin hoto ba, doguwa ɗaya da gajeru biyu kuwa RAM ne. Sauran kamfanoni kowa da nasa lissafin, yana cikin littafin da ya zo a kwali.

Na tabbata na sa katin daidai. Me ya sa kuke cewa in sake sa shi?

Domin kati na iya zama a karkace da abin da bai wuce kaurin farce ba, ido ya ga kamar ya zauna, alhali wasu haƙoransa ba su taɓa ba.

Kashe makunnin bayan fawa fak (akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta), zare wayar bango, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Kwantar da akwatin a kan tebur, kada ka yi aikin yana tsaye. Kwance sukurun katin, danna ƙugiyar da ke ƙarshen gurbin, ɗaga katin a miƙe. Duba haƙoransa masu ruwan gwal: sabon kati kan zo da murfin roba a kansu, na hannu kuma kan zo da datti. Robar goge fensir mai laushi ta isa ta share su, sai ka kaɗe ɓurɓushin. Haska cikin gurbin ko wani abu ya faɗa.

Gurbin sama, mafi kusa da furosesa, shi ne na katin, domin shi ne ke da cikakkun layuka 16 kai tsaye daga furosesa a yawancin madabod. Wajen mayarwa, lura da harshen ƙarfen da ke ƙasan fuskar katin ta baya. Dole ya zura cikin tsagar da ke tsakanin madabod da bangon akwati. Idan ya hau kan gefen madabod, bayan katin zai ɗage komai ƙarfin dannawarka. Sa tafin hannu biyu, ɗaya a kowane gefe, danna a hankali har ka ji "ƙas", ƙugiya ta tashi da kanta. Sunkuya ka kalli gurbin daga gefe: bai kamata ka hango ruwan gwal ɗin a waje ba sai ɗan siririn layi, kuma ya zama daidai daga farko har ƙarshe.

Ga wani abu da akwatunan araha ke yi. Ramin sukurunsu ba ya saitawa da katin, sai mutum ya ja katin da ƙarfi don sukuru ya shiga, a nan take ya ɗago shi daga gurbi. Gwada kunnawa akwati na kwance ba tare da ɗaure sukurun ba. In hoto ya zo, ka gano mai laifi. Katin da ke da nauyi kuma, mai fanka uku, a sa masa abin tokara a ƙarshensa.

Wace waya ce ta wutar katin? Na ga biyu masu kama da juna.

Nan ne ake asarar kuɗi, don haka a natsu. Gurbin madabod wat 75 kawai yake iya bayarwa. Kati irin GTX 1050 Ti da wasu GTX 1650 wannan ya ishe su, shi ya sa ba su da ramin wuta. Duk wanda ya fi haka ci yana da rami a samansa ko ƙarshensa: mai ido shida na ƙara wat 75, mai ido takwas na ƙara wat 150. Kowane rami da ka gani a jikin katin dole a cika shi. Rami biyu, waya biyu. In mai ido takwas ne ka sa masa shida ka bar biyun na lilo, yawancin katuna ba za su tashi ba, wasu na NVIDIA ma har rubutu suke fitarwa a allo cewa a kashe a jona wutar.

Wayar katin an rubuta mata PCI-E ko VGA, kuma bakinta na rabuwa shida da biyu. Wadda ke rabuwa huɗu da huɗu ta furosesa ce. Idon da ke ɗauke da wuta a wannan, na negetif ne a waccan. An yi bakinsu dabam don kada su shiga ramin juna, amma mai ƙarfin hannu zai iya tura ta. In fulogi ya yi maka gardama, tsaya ka duba, kada ka nuna masa ƙarfi.

Fawa fak mai cirarrun wayoyi kuma, wayoyinsa nasa ne shi kaɗai. Kada ka ari wayar wani fawa fak ko da bakin ya shiga lafiya lau, tsarin wutar ɓangaren da ke shiga jikin fawa fak ɗin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wani lokaci har tsakanin samfura biyu na kamfani guda. Kati mai cin wuta sosai, a ja masa waya biyu daban-daban maimakon guda ɗaya mai reshe.

Manyan katunan RTX 40 zuwa sama suna da wani fulogi mai ido 16 da ke iya ɗaukar har wat 600. Shi wannan sai ya shige gaba ɗaya, ba a hango ko 'yar tsaga tsakaninsa da ramin. Rabin shiga na sa ya ɗau zafi har ya narke. Kada a lanƙwasa wayar dab da bakinsa don murfin akwati ya rufu.

An rubuta 650W a jikin fawa fak ɗina. Ai ya isa ko?

Babban rubutun ba shi ne abin dubawa ba. Karanta teburin da ke jikin takardar, ka nemi layin +12V, domin daga nan kati da furosesa ke sha. Ninka adadin amfiya da 12. In ka ga 18A, wat 216 ke nan, ko da an buga 650 da manyan baƙaƙe a sama. Fawa fak ɗin da ke zuwa kyauta a cikin akwatin araha, mara nauyi kamar gwangwanin madara, galibi irin wannan ne. Araha ba ta ado.

Don ka samu ma'auni: RX 580 na cin wat 185 kuma ana so a ba shi fawa fak mai 500. RTX 3060 na cin 170, ana so 550. RTX 3080 na cin 320, ana so 750. Fawa fak da ba shi da wayar PCI-E ko ɗaya yana gaya maka ne ba a yi shi don kati ba. 'Yar wayar da ake sayarwa mai juya fulogin SATA zuwa ido takwas ba mafita ba ce: fulogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, kai kuma kana neman 150.

Haka zancen yake ga masu sayen Dell ko HP na ofis 'yan gwanjo su sa musu kati. Ƙananan cikinsu fawa fak ɗinsu bai cika wuce wat 240 ba, sai dai kati siriri mara ramin wuta.

Wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi. Tana iya jawo wannan?

Tana iyawa. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda fankar sama ke tafiyar hawainiya da magariba a wasu layuka. Duba takardar fawa fak: mai 100 zuwa 240 yana jure faɗuwar wuta, mai 200 zuwa 240 kaɗai kuwa zai iya ƙin tashi ko ya riƙa mutuwa da zarar katin ya fara ja. Gwajin farko a yi shi da wuta mai kyau, kai tsaye daga bango, ba ta doguwar wayar rabon wuta da aka cika da caja da dutsen guga ba.

UPS mai 650VA ba wat 650 ba ne, abin da yake bayarwa bai fi wat 360 zuwa 390 ba. Inbata mai arha wadda wutarta ba tsantsa ba ce takan yi faɗa da fawa fak na zamani, ka ji yana ƙugi ko ya ɗauke. In da janareta za ka gwada, bari ya daidaita tukuna kafin ka jona.

Tsohon fawa fak na gwanjo daga Amurka kuma, duba bayansa. In akwai jan makunni mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ya ga soket. In ba haka ba, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna.

Fankar katin ba ta juyawa. Ya mutu ke nan?

A'a. Yawancin katunan yanzu ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Haka nan juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, wuta kawai take nunawa.

Ta ramin madabod ina samun hoto. Me zan taɓa a BIOS?

Ka yi sa'a, kana da idon gani. Danna Del ko F2 lokacin tashi. Fara da mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. In ba ka iya shiga, zare wuta, cire batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti biyar a waje.

Nemi inda ake zaɓar wanda zai fara ba da hoto, sunansa Primary Display ko Initial Display Output, ka sa shi a PCIe ko PEG. Sai saurin gurbin: sauke shi daga Auto zuwa Gen 3 ka gwada. Sai CSM, saitin da ke barin madabod ta yi aiki da tsofaffin kayan haɗi. Sababbin madabod na zuwa da shi a kashe, tsofaffin katuna kuwa na wajajen 2012 zuwa baya da yawansu ba sa iya nuna hoto sai an kunna shi. Ka dai tuna, saitin Resizable BAR da katunan Intel Arc ke buƙata don su yi gudu yana son CSM a kashe, Above 4G Decoding a kunne.

Na tsayar da katin da wayar raiza don ya yi kyau ta gilashi. Da matsala?

Raiza ita ce wayar da ke haɗa katin da gurbinsa daga nesa; cire ta ka sa katin kai tsaye a madabod. Raiza ta Gen 3 tsakanin kati da madabod 'yan Gen 4 sananniyar hanyar samun baƙin allo ce. In hoto ya zo, sa gurbin a Gen 3, sannan ka mayar da raizar. Ka kuma leƙa littafin madabod, domin a wasu, sa SSD a wani gurbin M.2 na kashe gurbin PCIe na ƙasa ko ya rage layukan na sama zuwa takwas.

Windows ta rubuta Microsoft Basic Display Adapter, ko ta sa alamar rawaya da Code 43.

Na farkon labari ne mai daɗi: an ga katin, direba ne babu, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi. Sauke shi daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel, ba daga faifai ko filashin wani ba. Yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, a tanadi data.

In diskin da ke ciki daga tsohuwar kwamfuta ka ɗauko shi, tsohon direba na nan yana rigima da sabo. Shiga Safe Mode, yi amfani da manhajar DDU ka share direbobin hoto duka, cire intanet don kada Windows ta riga ka sa nata, sannan ka sa sabon.

Code 43 na nufin direba ya yi magana da katin bai gamsu da amsar ba. In ya dawo bayan DDU, saura abu uku: wuta ba ta isa, an taɓa BIOS ɗin katin, ko katin na da ciwo a jikinsa. In kuwa babu shi sam a Device Manager, ko a ƙarƙashin na'urorin da ba a gane ba, bar wahalar da kanka da direba. Madabod ce ba ta gan shi ba, koma kan gurbi da wuta.

Katin na hannu ne. Ta yaya zan san ba jabu ba ne?

Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, RX 570 da RX 580 a sahun gaba. Ba duka ne marasa kyau ba. Sai dai an sauya wa da yawansu BIOS don haƙa, wanda ke jawo Code 43, ko baƙin allo idan CSM na kashe. Duba saman katin kusa da ramukan waya ko akwai ɗan mitsitsin makunni. Wasu na da BIOS biyu, ka kashe kwamfuta ka tura shi ɗaya gefen.

Jabu kuwa kyan ɗan maciji gare shi. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, a sa masa sabuwar riga, a rubuta masa GTX 1050 Ti ko 1060. Alamarsa ta fili ita ce shuɗin ramin VGA, wanda na ainihin ba sa zuwa da shi, ga kuma faifan direba a kwali domin direban kamfani ba zai karɓe shi ba. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikinsu. Ko a shagunan cikin gari za ka saya ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ce wa mai shago: "Alhaji, a sa shi a na'ura mu gani tukuna." Ku bar shi ya yi aiki mai nauyi na minti ashirin, kana kallon zafi da allo ko za a ga ɗige-ɗige da layuka. Ku yi maganar kwanakin da za a iya mayarwa, a rubuta a rasit tare da lambar jikin katin.

Hunturu na da hannu a ciki?

Yana da shi ta fuska biyu. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu na tara wuta a jiki, irin wadda ke tsartar mutum in ya taɓa ƙofar mota. Kada a yi haɗin a kan kafet ko katifa, a taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kati, a kuma riƙe shi ta gefe. Ƙura kuma tana kwanciya cikin gurbin da aka bari a buɗe. A hure ta da bulowa daga ɗan nesa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta wujijjiga ta.

Daga Legas aka turo min ita a haɗe, kuma an nuna min bidiyo tana aiki.

Hanya ce ta girgiza ta. Kati mai nauyi da ya yi tafiyar mota a maƙale yakan zame, wani lokaci ya tsage gurbin. Duba robar gurbin ko ta ɗage daga madabod, sannan ka sake zaunar da kati da RAM. Nan gaba ka ce a cire katin a sa shi a kwalinsa dabam.

Na yi duk wannan. Kati ne ya mutu ko madabod?

Fito da madabod ka ɗora ta a kan kwalinta. Bar furosesa da abin sanyaya ta, RAM ɗaya, kati da fawa fak kawai. Taɓa fin biyu na PWR_SW, inda ake jona wayar maɓallin kunnawa, da bakin sukundireba don ta tashi. In hoto ya zo a waje, to wani ƙarfen tokara ne a cikin akwati ke taɓa bayan madabod a inda babu ramin sukuru.

In bai zo ba, sai musaya. Kai katinka kwamfutar wani da ke aiki, ka kuma aro kati mai lafiya ka sa a taka. Naka ya ƙi a can, na aro ya yi a nan: katin ne, mayar da shi. Naka ya yi a can, na aro ya ƙi a nan: saura fawa fak, madabod da furosesa. Gwada wani fawa fak. Gwada gurbin ƙasa, in ya yi aiki a can ya ƙi a sama, ɗaga furosesa ka haska fin ɗin, na cikin soket a Intel da AM5, na jikin furosesa a AM4. Fin ɗaya da ya lanƙwashe na iya kashe layukan gurbin sama alhali komai na aiki. Ɗaure abin sanyaya furosesa fiye da kima ta gefe guda ma na yin haka, sassauta sukurun ka sake ɗaure su kaɗan-kaɗan, kusurwa da kusurwa.

In katin ne kuma yana cikin garanti, kada ka kwance masa ko sukuru ɗaya, akwai takardar hatimi a kan ɗayansu da mai shago zai fara dubawa. Wanda ya ce kawo ya gasa maka shi da iska mai zafi, ka sani hoto na iya dawowa na ɗan lokaci ya sake ɗaukewa, kuma bayan gashin babu mai karɓarsa.